Watership Down da Littafin da Ya Biyo Bayansa: Wanne Ya Kamata Ka Saya?

Duk wanda ya shiga neman littafin zomayen Richard Adams, a shagon littattafai ne ko a intanet, zai tarar da littattafai biyu masu suna kusan iri ɗaya, kuma galibi kowanne da hoton zomo a bangonsa. Na farko shi ne Watership Down, wanda kamfanin Rex Collings ya buga a Landan a 1972 bayan da wasu kamfanonin ɗab'i suka ƙi karɓarsa. Na biyu kuwa shi ne Tales from Watership Down, wanda ya fito a 1996, wato shekara 24 bayan na farkon, lokacin da marubucin ya kai shekara 76 a duniya. Mai saye yakan ɗauka cewa na biyun ɗorawa ne a kan na farko, irin yadda littafi na biyu yake ɗorawa daga inda na ɗaya ya tsaya, kuma daga wannan zato ne yawancin ƙorafin masu karatu ya samo asali.

Littafin farko labari ne guda ɗaya mai tsawo, babi 50 da ɗan rufewa. Wani ƙaramin zomo mai suna Fiver ya hango halaka tana tunkarar garinsu na Sandleford, sai ɗan'uwansa Hazel ya ja wasu 'yan tsirarun zomaye suka yi hijira zuwa wani tudu da ke yankin Hampshire a kudancin Ingila, tudun da yake nan har yau kuma shi ne ya ba littafin sunansa. Adams ma'aikacin gwamnati ne a lokacin, kuma ya fara ba 'ya'yansa mata biyu labarin ne da baki a cikin mota, su ne suka matsa masa ya rubuta. Littafin ya ci lambar Carnegie da ta jaridar Guardian ta littattafan yara. Abin da ke riƙe mai karatu shi ne cewa haɗarin da ke cikinsa na gaske ne. Akwai wurin da baƙin suka sauka a wani gari na ƙosassun zomaye masu sheƙin jiki, waɗanda ba sa son a tambaye su ina wane ya tafi, ashe manomi ne yake zuba musu abinci yana kuma ɗana musu tarkon waya. Ranar da wayar ta shaƙe wuyan Bigwig, jarumin tawagar, sai da 'yan'uwansa suka haƙa ƙasa suka cicciji turken da aka ɗaure ta kafin ya kuɓuta, yana kwance jini na fita ta bakinsa. Wanda ya karanta wannan wuri ba ya mantawa da shi, haka ma karon da aka yi da Janar Woundwort na garin Efrafa a ƙarshen littafin.

Littafi na biyu an gina shi ne a kan wani tsari dabam. Gajerun labarai ne guda 19 da aka kasa kashi uku. Kashi na farko labarai bakwai ne da zomaye ke ba junansu, yawancinsu a kan El-ahrairah, gwarzon tatsuniyoyinsu mai wayo da dabara, wanda matsayinsa a wurinsu ya yi kama da na Gizo a wurinmu, sai dai shi wayonsa don ceton jama'arsa yake yinsa. Kashi na biyu labarai huɗu ne a kan tafiyar El-ahrairah da abokinsa Rabscuttle a hanyarsu ta komawa gida daga ƙasar Baƙin Zomo, wato mala'ikan mutuwa a akidar zomayen. Sai a kashi na uku, mai labarai takwas, ake komawa ga Hazel da jama'arsa a ga yadda rayuwa ta kasance bayan yaƙin Efrafa. Ma'ana dai, wanda ya sayi littafin don ya ji labarin Hazel da Bigwig sai ya wuce fiye da rabin labaran kafin ya iske su a tsakiyar fage.

A nan ne ra'ayin masu karatu ya rabu. Masu kushewa suna cewa littafin ba shi da igiya ɗaya da ke jan mutum daga farko zuwa ƙarshe, babu hijira, babu abokin gaba irin Woundwort, kuma matsalolin da ke tasowa a kashi na uku suna warwarewa da sauri tun kafin zuciya ta fara bugawa. Suna kuma cewa zomayen sun ƙara kama da mutane a maganarsu da tunaninsu, alhali ƙarfin littafin farko shi ne yadda Adams ya riƙe su a matsayin dabbobi, ya dogara da binciken Ronald Lockley a kan rayuwar zomayen daji, har ya sa ba su iya ƙirga abin da ya wuce huɗu. Ni kaina na yarda da wani ɓangare na wannan ƙorafi. Na ɗauki na biyun ne a makon da na ajiye na farko, jikina yana ɗumi da labarin, kuma na ji kamar wanda ya sauko daga doki a guje aka ce ya zauna a tabarma ya saurari hira. Da na sake karanta shi bayan 'yan shekaru, da sanin abin da ke cikinsa, sai na same shi da daɗi fiye da yadda na tuna.

Masu yabawa kuma suna da hujjarsu, kuma ba ƙarama ba ce. A littafin farko akan dakatar da tafiya lokaci zuwa lokaci wani zomo a tawagar mai suna Dandelion ya ba da tatsuniyar El-ahrairah, kuma akwai masu karatu da yawa da waɗannan wurare ne suka fi burge su. A gare su littafi na biyu kyauta ce, domin har wasu tatsuniyoyin da aka ambaci sunansu kawai a da, kamar ta dila a cikin ruwa da ta rami a sararin sama, an kawo su a cike. Tatsuniyar yadda El-ahrairah ya samo wa zomaye jin ƙanshi tana cikin waɗanda suka fi tsayawa a rai, kuma labarin fatalwar zomo yana da sanyin tsoro irin na littafin farko. Akwai kuma labarin da wani zomo mai suna Speedwell ya bayar, wanda shirme ne da gangan, wasu na dariya da shi wasu na tsallake shi.

Babban abin da ya bambanta kashi na uku shi ne matsayin mata. Tun a shekarun 1970 masu sharhi suka zargi littafin farko da cewa matan zomaye ba su da wani amfani a cikinsa sai haihuwa, domin rabin labarin neman matan da za a kawo sabon gari ne. A littafi na biyu Hyzenthlay, wadda aka kuɓutar daga Efrafa, ta zama shugaba tare da Hazel, kuma an kawo Flyairth, wata mace mai ƙarfin hali da ta fito daga garin da mata ke mulki, wadda tsoron cutar da ke makantar da zomaye ya mamaye mata tunani. Wannan cuta ta gaske ce, ta shiga Birtaniya a 1953 ta kashe mafi yawan zomayen ƙasar. Wasu masu karatu suna ganin wannan gyara ne da ya dace, wasu kuma suna jin cewa marubucin yana amsa wa masu sukarsa ne a bakin zomaye, har ɗinkin yana nunawa. A ganina labarin Flyairth ya yi nauyi kuma ya cancanci karatu, amma wanda ya fi taɓa ni shi ne na Stonecrop, zomon da ya girma a keji, wanda zomayen daji suka so su kashe saboda warin ɗan Adam da ke jikinsa, daga baya kuma wannan warin ne ya kori maharan da suka afka wa sabon garin Vleflain.

Wanda kuɗinsa na littafi ɗaya ne, kuma bai karanta ko ɗaya ba, to ya sayi na 1972 ba tare da wani dogon tunani ba. Fara da na biyu kuskure ne ta fuska biyu: yana tona ƙarshen na farko, wa ya rayu wa ya mutu, kuma yana ɗauka cewa mai karatu ya riga ya san zomayen da kalmomin harshensu da Adams ya ƙirƙira, irin su silflay, wato fita kiwo, da hrududu, wato mota. Gajartarsa takan ruɗi iyaye su zaɓe shi don yaro, amma yaron da bai san Hazel ba zai ɓace a kashi na uku. Duka biyun da Ingilishi aka rubuta su, kuma na farkon yana cike da sunayen tsirrai da tsuntsayen karkarar Ingila, saboda haka yaron da Turancinsa bai nuna ba zai fi jin daɗinsa idan babba yana karanta masa. Ga irin wannan yaro akwai zaɓi na uku, wato littafin zane na James Sturm da Joe Sutphin da ya fito a 2023, wanda ya bi labarin farko ta hotuna. Fim ɗin zane na 1978 kuwa, duk da kyansa, yana da jini da firgici da ba su dace da ƙananan yara ba.

Wanda ya riga ya karanta na farko sai ya tambayi kansa me ya fi so a cikinsa. Idan gudun ceton rai ne da dabarun yaƙi da Woundwort, to ya ari na biyu a ɗakin karatu ko a wurin aboki kafin ya kashe kuɗinsa, domin akwai yiwuwar kashi na uku kaɗai zai karanta. Idan kuwa tatsuniyoyin Dandelion ne da zaman zomayen a kan tudu da yamma, to ya saya, ya karanta labari ɗaya ko biyu a dare, kuma zai fi kyau ya bar 'yan watanni tsakanin littattafan biyu. Mai saye ta intanet ya duba sunan da kyau kafin ya biya, domin kalmomi biyu ne kacal suka raba su, kuma hoton bango ba ya nuna wanne ne wanne.