Sharhi kan katunan zanen bango na Aubrey Beardsley

Ga masu sana'ar zanen bangon littafi irina, wannan fakitin katunan ya ci kuɗinsa, ko da yake ina da ƙorafi a kansa. Daga wani shagon intanet na Ingila na yi odarsa. Kowane kati yana ɗauke da ɗaya daga cikin zane-zanen bango da Aubrey Beardsley, mai zane ɗan Ingila, ya yi a ƙarshen mulkin Sarauniya Biktoriya.

Kati ɗaya ne ya sa na saya, wato na bangon da ba a taɓa sa wa mujallar da aka zana shi dominta ba. Beardsley shi ne editan zane na The Yellow Book, wadda mawallafi John Lane ya fara fitarwa a Landan a watan Afrilu na 1894. Mujalla ce, amma an ɗinke ta kamar littafi, da bango mai kauri na yadi ruwan ɗorawa, zanen kuma baƙi. A Afrilun 1895 aka kama marubuci Oscar Wilde. Wilde bai taɓa rubutu a mujallar ba, sai dai Beardsley ya taɓa yi wa wani wasan kwaikwayonsa zane, wannan kuwa ya isa a shafa masa kashin kaji. Mutane suka jefi tagogin ofishin mawallafin mujallar da ke titin Vigo, aka sallami Beardsley. Fitowa ta 5 tana gab da shiga kasuwa, aka zare zane-zanensa, aka sa na wani mai zane, Patten Wilson, a gaban bango. Saboda gaggawa aka manta da na bayan bango da na gefen ɗinki, suka fita da aikinsa. Abin yana sosa mini rai, musamman da yake tarin fuka ya kashe shi a Menton ta Faransa a 1898, yana da shekara 25 kacal.

A katin, wata halitta rabi mutum rabi bunsuru tana karanta wa wata mace littafi. Na kara shi kusa da ido ina bin layukan. Babu inuwa, babu toka-toka, tawada ce baƙa wuluk da fili fari, domin farantin bugu na wancan lokaci layi tsantsa yake ɗauka. Siraran layukan nan sun fito ba tare da sun tsinke ko sun haɗe ba, a nan kam na yaba wa maɗaba'ar. Mu da muka saba cika bango da fuskoki da launi har ba wurin numfashi, akwai darasi babba a yadda yake barin fili ya yi magana.

Ƙorafina na farko takardar ce. Mai sheƙi suka zaɓa, fara tas, fitila na dukanta sai ta kashe ido. Bangunan da aka buga a kan ruwan ɗorawa ma sun mayar da su fari, alhali launin shi ne rabin ƙarfin aikin. Na biyu, bayan katunan babu shekara, babu bayanin wanne aka buga wanne aka ajiye. Wanda bai san labarin 1895 ba zai wuce katin nan bai san abin da ke hannunsa ba.

Ambulan ɗin ma ba mai kauri ba ne, kusurwar wasu katunan ta lanƙwashe a hanya. Duk mai niyyar saye, ya roƙi a sa masa kwali a ciki kafin a aiko.