Tsinken gwajin PSA na gida da gwajin asibiti: amsa ga ɗan'uwanmu na Gidar

Malam, ka ce an cire wa Baba furostet a Yawunde saboda sankara, zirga-zirgar Gidar zuwa Garwa, a arewacin Kamaru, don gwajin jini kuma tana wahalar da shi, shi ne kake tambaya ko tsinken gwajin PSA na gida zai wadatar (PSA sinadari ne da furostet ke fitarwa, ana auna shi a jini don bibiyar cutar). Allah ya ƙara masa lafiya. A halin da Baba yake ciki, ba zai wadatar ba.

Tsinken yana da sauƙi, ban musa ba. A soki yatsa, a ɗiga jini, a jira 'yan mintoci, ba kuɗin mota, ba zaman layi. Amma yawancinsu an saita su ne a kan 4 ng/mL (ma'aunin yawan PSA a jini), amsarsu kuwa biyu ce tak: ya kai ko bai kai ba. A asibiti daga jijiya ake ɗibar jinin, na'ura ta fitar da lamba, har wadda ba ta kai 0.1 ba.

Nan gizo ke saƙar. Wanda aka cire wa furostet gaba ɗaya, PSA ɗinsa kan sauka har ya kusa ɓacewa, kuma da ya tashi zuwa 0.2 likita ya fara zargin cutar ta dawo. Daga 0.2 zuwa 4 ninki 20 ke nan, duk tsawon wannan hawan tsinke yana ce muku lafiya lau. Auna zinariya ne da sikelin buhun masara. Wanda aka yi wa gashin sankara da na'ura shi ma lambar ake bi: in ta ƙaru da 2 a kan mafi ƙanƙantar da ta taɓa sauka, an shiga batun dawowa.

Ga kuma zafinmu. Kwalin yakan ce kada a ajiye shi inda ya wuce digiri 30, a Garwa kuwa watan Afrilu ya wuce 40, kayan suna jibge a kanti ƙarƙashin kwano. Layin sakamako a kan tsinken ya fito dishi-dishi, kai ka ce akwai, yayanka ya ce babu.

Shi ma gwajin asibitin yana da sharaɗi: ku tsaya wuri ɗaya, don na'urori kan ɗan saɓa wa juna. Kowane sakamako a rubuta shi da kwanan wata a katin Baba. In tafiyar ce matsala, ku tambayi likitansa ko za a iya ɗibar jinin a Gidar a aika Garwa, shi yana gida.