Fenait, dutsen Mogok: ga mai tara duwatsu ya dace, ba ga mai neman zobe ba

Masu harkar duwatsu masu daraja a Kano sun fi sabawa da tomalin, ganet da shuɗin yakutun Mambila. Idan dillali ya turo hoton wani ɗan dutse ja mai duhu daga Bankok ya ce fenait ne, wanda ake rubutawa painite a takardun gwaji, sai a yi hattara kafin a tura kuɗi.

Dutsen na ƙasar Bama ne, wato Myanmar. Arthur Pain, Baturen Ingila mai harkar duwatsu, shi ya fara kawo shi daga yankin Mogok, aka tabbatar sabon ma'adini ne a 1957. Har zuwa 2001 ƙwaya uku kacal aka sani. Abin da ya sa yake wuya shi ne haɗinsa: kalsiyam, alminiyam, da kuma boron da zikoniyam, sinadarai biyun da ba kasafai suke haɗuwa wuri guda ba. Daga baya an tono shi a Namya da ke arewacin ƙasar, sannan a 2005 a kusa da Mogok, ƙwayoyi suka kai dubbai. Duk wanda ya ce maka uku ne a duniya, tsohon labari yake sayar maka.

Ƙarfinsa 8 ne a ma'aunin Mohs na taurin duwatsu, don haka ƙurar hunturu, wadda yashinta bai wuce 7 ba, ba ta karce shi. Matsalar tana cikin dutsen. Yawancin abin da ke kasuwa ƙanana ne, ba su kai karat ɗaya ba, launinsu ja mai ruwan ƙasa kamar jiƙon zoɓon da ya yi kauri, kuma cike suke da tsaga. Sa madubin ƙara girma mai ninki 10, ka haska tocila ta bayansa, za ka ga tsagogin da duhun da ke shanye hasken. Maƙerin zinare na matse haƙoran zobe a kansa, dutsen yana iya darewa ta wannan tsagar. Wanki ma sai da ruwan ɗumi, sabulu da burushi mai laushi. Injin wanki mai girgiza yana buɗe tsaga.

Gwaji shi ne inda ake yawan faɗawa rami. Auna shi a sikeli, sake auna shi a rataye cikin ruwa, ka raba nauyin farko da bambancin biyun. Fenait yana ba da kusan 4.0. Tomalin mai ruwan ƙasa yana tsayawa wajen 3.1, to wannan ya fita; zikon yakan haura 4.6, amma wani yana sauka zuwa wajen 4.0. Amma karat ɗaya giram 0.2 ne kawai, sikelin da ba ya karanta 0.001 ɓata lokaci ne, kumfar iska ɗaya a jikin dutsen ta isa ta rushe lissafin. Ganet kuwa nauyinsa yana iya zuwa daidai, sai dai launinsa ɗaya ne ta ko'ina, shi kuma fenait idan aka juya shi a madubin raba launi yana nuna ja da ruwan lemo mai duhu. Jan yakutu ne mai wahala, domin nauyinsu kusan ɗaya ne, kuma a rami ɗaya ake samun su, wani lokaci manne da juna. Na'urar auna karyewar haske ce ke raba su: yakutu 1.762 zuwa 1.770, fenait 1.787 zuwa 1.816. Na'urar da aka saba da ita tana tsayawa a 1.81, saboda haka lambar sama ba za ta fito ba. Ba lalacewa ta yi ba.

A ganinmu, ɗanyen da ba a yanka ba, mai kusurwa shida a bayyane, ya fi cancantar kuɗin mai tarawa, don siffarsa ma shaida ce. Yankakke mai tsabta da jan launi tsadarsa ta kai a nemi takardar ɗakin gwaji irin GIA, cibiyar nazarin duwatsu masu daraja ta Amurka, a duba lambarta a shafinsu, a kuma tabbatar nauyi da awon da ke takardar sun yi daidai da dutsen da ke hannu. A Kano masu neman irinsa kaɗan ne ƙwarai, wanda ya saya da niyyar juya kuɗi da wuri zai daɗe yana jiran mai tayi.