Direba ko API: ta ina za a jawo bayanan kwastomomi?

Matasa masu rubuta manhaja a unguwannin Nima da Madina na yankin Accra sun yi ta tambayata: in bayanan kwastomomi suna kan Salesforce, dandalin intanet da kamfanoni ke ajiye irin waɗannan bayanai, a jawo su ta direban JDBC ko ODBC (ƙaramar manhaja mai haɗa taka da rumbun bayanai), ko a tunkari API, wato ƙofar da Salesforce ya buɗe wa manhajoji, kai tsaye?

Direba tafinta ne. Ka rubuta SQL ɗin da ka saba, wato yaren tambayar rumbun bayanai, shi ya juya shi zuwa buƙatun API a ɓoye. Sauƙi kam akwai. Amma nagartattun direbobi na kuɗi ne, galibi da dala, kuma kowa ya san yadda dala ke wasa da sidi, kuɗin Ghana. Ga wani tarko: haɗa teburan bayanai biyu a layi ɗaya na SQL kan iya cinye buƙatu masu yawa, alhali Salesforce ya ƙayyade adadinsu a kowace awa 24.

API babu kuɗin direba, sai dai ka koyi SOQL (yaren tambaya na Salesforce), ka kula da OAuth (tsarin samun izinin shiga), ka ɗebo bayanai shafi-shafi da kanka. Da wahala, amma kana ganin kowace buƙata.

Dokar kare bayanai ta Ghana ta 2012 kuwa tana kanka ko wanne ka bi.

Mai haɗa rahoto cikin gaggawa, da kuɗin kamfani a bayansa, direba ya fi masa. Mai gina manhajar da za ta daɗe, aljihu ba nauyi, ya kama API.