Tamostat da suwic ɗin fanka na Golf 3: wanne za a saya, kuma yaya ake ɗaurawa

Duk Golf 3 da ta fara ɗaukar zafi a cikin cunkoso, maganin da aka saba yi mata ɗaya ne: a cire tamostat a jefar, a haɗa fanka kai tsaye da makulli. Wannan gyara ne mai ɓata inji, alhali kayan biyu da ake gudu, wato tamostat da suwic ɗin fanka, ba su kai kuɗin aikin sauya gaskit ɗin top silinda ba.

Tamostat na kamfanin Wahler mai lamba 87 a jikinsa shi ne ya dace da injin 1.6 da 1.8 na fetur, na Mahle ma haka. A cikinsa akwai kakin da ke narkewa ya kumbura idan ruwa ya kai digiri 87, sai ya tura bakin ya buɗe hanyar lagireto. Abin lura shi ne faifan da ke gindinsa. Yayin da bakin ke buɗewa, faifan nan yana toshe gajeriyar hanyar da ruwa ke bi ya koma inji ba tare da ya shiga lagireto ba. Idan aka cire tamostat, hanyar nan a buɗe take har abada, wani kaso na ruwan zafi yana ta zagaye bai sha iska ba. Shi ya sa mota marar tamostat kan daɗe ba ta ɗumama ba da safiyar hunturu, kwamfutarta tana ta ƙara mata mai, da rana kuma ta tafasa a kan hawa. Marasa suna da ake sayarwa da araha sau da yawa faifan nasu gajere ne ko sifirin ɗin ya yi laushi, don haka a jera sabo da tsoho a kan tebur a gwada tsayi kafin a biya.

Suwic ɗin fanka yana ɗaure ne a jikin lagireto, girman zaren ɗaurinsa M22, mai ƙafa uku saboda fankar gudu biyu gare ta. A jikin na asali za a ga 95-84 da 102-91. Ma'anarsa, ƙaramin gudu ya tashi a digiri 95 ya tsaya a 84, babba ya tashi a 102 ya tsaya a 91. Mai tagulla mai nauyi da lambobi a buge sarai shi ne abin saye. Na arahar matsalarsa a ciki take: wutar fanka tana da ƙarfi, bakin haɗin nasa siriri ne, sai ya ƙone ko ya manne, har filogi ya narke. Na Beljiyam da ake samu a Ƙofar Ruwa ko Panteka ya fi sabon jabu, muddin an gwada shi.

Gwajin a tukunyar ruwa a kan wuta ake yinsa. A rataye tamostat da waya kada ya taɓa gindin tukunya, a saka ma'aunin zafi, a ga ya fara buɗewa wajen 87, ya rufe ruf idan ya huce. Suwic kuwa ruwa ba zai kai shi 102 ba, sai a tsoma tagullar kaɗai cikin man girki da ake ɗumamawa a auna ƙafafun da mitar lantarki.

Kafin ma a zargi suwic, a zare filoginsa a haɗa ramin filogin da ke da wuta da kowane ɗaya daga sauran biyun. Idan gudu biyun sun tashi, suwic ne ya mutu. Idan babban kaɗai ya tashi, rasisto na jikin fankar, mai rage wuta don ƙaramin gudu, shi ne ya ƙone. Shiru gaba ɗaya, a duba fiyus da injin lantarkin da ke juya fankar. Tsofaffin Toyota irin su Carina E akasin haka suke, zare filogin kawai yana tayar da fanka, don haka suwic ɗinsu ba ya musanyuwa da na Golf.

Wajen ɗaurawa, sai inji ya huce sarai. A injin 1.8, tamostat yana ƙarƙashin famfon ruwa inda hos na ƙasa ya shiga, ƙusoshi biyu ne na sufana 10, kuma a mai fawa sitiyari sai an kawar da famfon sitiyarin. A sa sabuwar roba, a duba murfin filastik ɗin, domin yakan lanƙwashe ya riƙa ɗiga. Kada a matse fiye da nuton-mita 10, wato ma'aunin ƙarfin matse ƙusa. Suwic da soket 29 ake kwance shi, a ɗaure da sabuwar washa a kan nuton-mita 35, ba gam ba tef.

A zuba kulant, wato ruwan sanyaya inji, da ruwa mai tsabta rabi da rabi, kusan lita 6, ba ruwan rijiya ba, don gishirinsa ke daskarewa a kan tagullar suwic ya hana shi jin zafi. A buɗe hita, a bar inji yana aiki ana matsa hos na sama har kumfa ta daina fitowa. Hos na ƙasa zai zauna da sanyi, sai can ya ɗau zafi lokaci guda, tamostat ya buɗe ke nan. A jira fanka ta tashi ta tsaya da kanta sau biyu kafin a rufe bonet.