Tiyatar rage tumbi ga mai PCOS: wuƙa na cika alkawari, kulawar baya ce ke da sauran gyara

Asibitocin da ke yin tiyatar rage ƙiba sun iya talla. Hoto biyu za a jera miki, na kafin aiki da na bayan shekara guda, a ƙasa a rubuta yawan kilon da ya zube. Idan kuwa kina fama da PCOS, wato rikicewar sinadaran jiki da ke hana ƙwai fita a kan lokaci, sai a ƙara miki da alkawarin dawowar al'ada da samun haihuwa. Hukuncinmu a kan wannan hidima tun daga farko shi ne: ita tiyatar tana cika yawancin abin da aka faɗa, amma kunshin da ake sayarwa yakan ƙare ne a daidai inda ainihin aikin ya soma.

Sai an san yadda ƙiba ke shafar ƙwai kafin a gane abin da ake saye. A jikin yawancin masu PCOS, tsoka da hanta ba sa jin maganar insulin, sinadarin da ke daidaita suga a jini, yadda ya kamata, sai jiki ya yi ta ƙara zubo shi. Insulin mai yawa yana zuga ma'ajiyar ƙwai ta ƙera sinadarin maza, testosteron, yana kuma sa hanta ta rage furotin ɗin da ke ɗaure wannan sinadari a cikin jini. Sai ƙwai ya fara girma ya tsaya a hanya, al'ada ta yi wata uku ko huɗu ba labari, gashi ya tsiro a haɓa, ƙuraje su feso, bayan wuya ya yi duhu kamar dauɗa alhali ko da me aka dirje shi ba ya fita. Kitsen ciki shi ke rura wannan wuta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2025 cewa kashi 6 zuwa 13 cikin ɗari na matan da ke shekarun haihuwa suna da cutar.

Hujja mafi ƙarfi da masu tiyatar ke da ita ita ce gwajin BAMBINI da aka yi a Birtaniya, mujallar Lancet ta buga a 2024. Mata 80 masu PCOS da ƙiba aka raba gida biyu: rabi tiyata, rabi magani da gyaran abinci. Cikin mako 52, waɗanda aka yi wa tiyata sun saki ƙwai da kansu ninki biyu da rabi na sauran. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai a lura, fitar ƙwai aka ƙirga, ba jarirai ba, kuma matsaloli sun fi yawa a ɓangaren tiyata. Mai talla ba ya cika faɗin wannan rabin zancen.

Ba kowace mai PCOS ce ta cancanta ba. Ƙa'idar da ƙungiyoyin likitocin wannan fanni suka sabunta a 2022 ta ce ma'aunin BMI, wato nauyin jiki idan aka gwada shi da tsayi, ya kai 35 ko sama, ko kuma 30 zuwa 34.9 idan akwai cuta irin ciwon suga. Siririyar mace mai PCOS ba ta da abin nema a nan. Kuma asibitin da ya karɓi sunan cutar daga bakinki kawai, bai duba sinadarin maƙoƙo da furolaktin (sinadarin da ke kawo ruwan nono) da sauran abubuwan da ke kwaikwayon PCOS ba, ya faɗi jarrabawar farko.

Aiki iri biyu ne suka fi yawa, duka ta ƙananan huji huɗu ko biyar a ciki ake yin su da kyamara. Na farko shi ne silib: a yanke wajen kashi 75 zuwa 80 cikin ɗari na tumbi a fitar da shi, a bar siririn bututu mai siffar ayaba. Ɓangaren da aka cire shi ne ke ƙera yawancin girelin, sinadarin da ke sa jin yunwa, shi ya sa a watannin farko mace kan manta ma ba ta ci abinci ba. Abin da aka cire ya tafi ke nan. Na biyu shi ne baifas: a ware ɗan aljihu mai cin kamar mililita 30 a saman tumbi, a jona shi kai tsaye da ƙaramin hanji, abinci ya tsallake sauran tumbin da farkon hanji. Baifas ya fi ƙarfi a kan ciwon suga, yana kuma maganin ƙwannafi. Silib kuwa yakan haifar da ƙwannafi ko ya tsananta wanda ake da shi, domin bututun ya matse, matsin ciki ya ƙaru, tsami ya riƙa hawowa maƙoshi. A namu ganin, mace mai burin haihuwa wadda ba ta da ƙwannafi ko tsohon ciwon suga ta fi dacewa da silib, saboda farkon hanjin nan da baifas ke tsallakewa shi ne wurin da jiki ya fi tsotsar sinadarin ƙarfe da kalsiyam, abubuwan da mai ciki ba ta iya yi sai da su.

Mako biyu kafin aiki ana ɗora mace a kan abinci mai ƙarancin kuzari, kalori 800 zuwa 1,000 a rana. Ba don a gwada haƙurinta ba ne. Hanta tana kwance ne a kan saman tumbi, kuma a masu PCOS sau da yawa cike take da kitse. Idan ba ta motse ba, likita ba ya ganin wurin da zai yi aiki, wani lokaci ma a fasa. A cibiyoyin da suka ƙware, mutuwa sakamakon aikin ba ta cika wuce mutum ɗaya cikin dubu ba. Abin tsoro a kwanakin farko shi ne yoyon ɗinki da gudan jini a ƙafa ko huhu. Bugun zuciya da ya haura 120 a minti, zazzaɓi, ko ciwon kafaɗar hagu, ba abin jira gari ya waye ba ne.

Daga nan ne hidimomi ke rabuwa, mai kyau da mai cin kuɗi. Mako ɗaya zuwa biyu na farko ruwa-ruwa ne kawai, kurɓi kaɗan-kaɗan. Mako na uku da na huɗu abin da aka markaɗa, na biyar da na shida mai laushi, sannan a koma abinci sosai. A wata na biyu, cokali huɗu ko biyar kan cika tumbin; loma guda ta wuce ƙa'ida sai ki ji kamar dutse ya tokare ƙirji, yawu ya taru, amai ya biyo baya. A wannan ɗan wuri ake son a cusa furotin giram 60 zuwa 80 kowace rana. Ƙwai ɗaya giram 6 ne kacal, tsokar kaza dafaffa giram 100 tana ba da kamar 30. Don haka furotin ake fara ci, sai ganye, mai sitaci ya zo ƙarshe in da sauran wuri. Ruwa aƙalla lita ɗaya da rabi, amma ba tare da abinci ba: a bar minti 30 tsakani, don ruwa yana cike gurbin abinci ko ya wanke shi da wuri yunwa ta dawo. Lemon kwalba mai gas ya fita daga lissafi. Takarda guda da ake miƙa wa mace ranar sallama ba ta isa koyar da wannan ba. Ana bukatar masanin abinci da za a riƙa komawa wurinsa.

Maganar ƙwayoyin bitamin ta har abada ce, kuma a nan mai PCOS ke da tarko nata na musamman. Shekara da shekaru al'adarta ba ta zuwa sosai, ba ta asarar jini. Bayan tiyata al'ada ta dawo kowane wata, wani lokaci da yawa, a daidai lokacin da tumbi ya rage tsamin da ke narkar da sinadarin ƙarfe, nama kuma ya zama da wuyar haɗiya. Kafin shekara ta zagayo sai ga kasala, haki a kan matakala, son tauna ƙanƙara. Shi ya sa ake ba mai al'ada sinadarin ƙarfe miligiram 45 zuwa 60 a rana. Kalsiyam kuma miligiram 1,200 zuwa 1,500, nau'in sitiret wanda ba ya bukatar tsamin tumbi, a raba shi kashi biyu ko uku, a kuma nisanta shi da na ƙarfe da awa biyu don suna hana juna shiga jiki. Ga bitamin D, ga B12. Wannan na ƙarshen a sa masa ido sosai, domin metformin, maganin suga da masu PCOS da yawa suka daɗe suna sha, shi ma yana rage shi. Ƙarancinsa na kawo mutuwar ƙafa da tafin hannu, idan ya daɗe ba ya warkewa duka. Amai da ya ƙi tsayawa kwanaki yana ƙarar da bitamin B1 cikin 'yan makonni, ya taɓa ƙwaƙwalwa da idanu. Gwajin jini a wata 3, 6, 12, sannan kowace shekara, shi ne ke kama waɗannan tun ba su yi nisa ba. Kunshin da bai haɗa da shi ba rabin kaya ne.

Babban gibin da muka fi zargin masu wannan hidima da shi shi ne tazarar haihuwa. Macen da aka shafe shekaru ana ce mata ba ta sakin ƙwai ba ta ganin dalilin kariya. To ƙwan kan dawo cikin makonni, tun kafin al'adar farko ta bayyana, ciki ya shiga a lokacin da jiki ke zubar da kilo da sauri, uwa kuma ba ta iya cin abin kirki. Shawarar likitoci ita ce a jira wata 12 zuwa 18, har nauyi ya tsaya. Bayan baifas ba a dogara da ƙwayoyin sha, don hanji ba lallai ya tsotse su duka ba. Robar mahaifa ko wadda ake sakawa a damtse ta fi aminci, kuma kamata ya yi a gama wannan zance kafin a shiga ɗakin tiyata. Idan cikin ya zo a lokacinsa, akwai gyare-gyare: ƙarin folik asid tun kafin ɗauka, sauya bitamin A nau'in retinol da wanda ba ya cutar da ɗan tayi, da guje wa gwajin nan na shan ruwan suga, da ake yi wa masu ciki don gano ciwon suga, ga wadda aka yi wa baifas. Suga mai yawa yana zubowa hanji a lokaci guda, cikin minti 10 zuwa 30 gumi ya karyo, zuciya ta yi ta dukan uku-uku, gudawa ta taso, bayan awa ɗaya zuwa uku kuma suga ya faɗi ƙasa warwas. Ana auna suga a gida ne a maimakon haka. Ciwon ciki mai tsanani ga mai juna biyu da aka yi wa baifas kuwa, sai likitan tiyata ya gani, don hanji kan sarƙe a gibin da aikin ya bari.

Gashin haɓa fa? Kada a yaudare ki. Testosteron yana sauka, sabon tsiro yana raguwa, amma gashin da ya riga ya yi kauri sai an cire shi ta wata hanya. Na kai kuma yakan zube tsakanin wata na uku da na shida, ya dawo daga baya in furotin da ƙarfe sun wadata. Saurin ramewa na haifar da duwatsu a maɗaciya, shi ya sa wasu likitoci ke ba da maganin kariya na wata shida. Ibuprofen da diclofenac, waɗanda mata suka saba da su don ciwon mara, suna iya hudo gyambo a wurin jonin baifas, kamar yadda taba ke yi. A nemi madadinsu tun kafin al'ada ta dawo.

Nauyi yakan kai ƙarshen saukarsa tsakanin wata 12 da 18, an zubar da kamar rubu'i zuwa sulusin nauyin jiki. Daga shekara ta biyu yunwa ta fara leƙowa, wani abu ya dawo, kuma wannan ba abin mamaki ba ne. Abin da ke mayar da hannun agogo baya shi ne ciye-ciye: biskit, cakulan, abin sha mai zaƙi, duk abin da ke narkewa ya wuce bututun ba tare da ya cika shi ba. PCOS ba ta warke ba, lafawa ta yi. Kilo ya dawo, insulin ya tashi, al'ada ta sake rikicewa. Jagorar ƙasa da ƙasa ta 2023 a kan cutar ba ta fifita wani tsarin abinci guda a kan sauran ba, don haka duk wanda ya haɗa miki tiyata da wani "abincin PCOS" na musamman mai tsada, kasuwarsa yake ci.

Kafin ki sa hannu a takarda, tambayi asibitin aiki nawa likitan ke yi a shekara, wa za ki kira da ƙarfe biyun dare idan zuciya ta hau bugu, shekara nawa kulawar baya za ta ɗauka, kuma ko akwai likitan mata a cikin tawagar. Masu zuwa wata ƙasa a yi musu aiki su dawo cikin mako guda su suka fi shiga wannan rami, don haka ki karɓo rahoton tiyatar a rubuce, da nau'in aikin da tsawon hanjin da aka tsallake, ki kuma san likitan da zai karɓe ki a gida tun kafin ki hau jirgi.