Ƙari a Jakar Ƙwai: Hoton Sikanin ko Gwajin Jini na CA-125?

Mata da yawa na tambayata: likita ya ga ƙari a jakar ƙwai, wane gwaji ne zai nuna ko sankara ce?

Gwajin CA-125 ya fi sauƙi. Jini kawai za a ɗiba a auna CA-125, wani sinadari da kan ƙaru a jini idan akwai sankarar jakar ƙwai; in ya haura 35 sai a sa ido. Sai dai yana yaudara. Jinin al'ada, juna biyu, ƙarin mahaifa, har ciwon mara na sanyi, duk suna ɗaga shi. Kuma kusan rabin masu sankarar da ke matakin farko, nasu ba ya tashi.

Sikanin, musamman wanda ake yi ta farji, yana nuna ƙirar ƙarin kansa: ruwa ne zalla, ko akwai tsoka a ciki, ko jini na kwarara cikinsa sosai. Matsalarsa, ingancinsa na hannun mai duba. Ni dai na fi jingina da shi, ko da yake tabbaci sai an ciro ƙarin an auna shi.

Ga mai ganin al'ada, sikanin ya fi dacewa. Wadda ta daina al'ada kuwa, CA-125 ya fi yi mata amfani fiye da yadda yake yi wa mai ganin al'ada, amma a haɗa shi da sikanin.